Kwas ɗin onlayin na malaman lissafi: ilimi ake samu ko satifiket ake tarawa?

Malamin SS2: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina da tambaya kuma don Allah amsa nake so ta tsakani da Allah ba ta burge jama'a ba. Tun bayan korona duk inda ka juya kwas ne na onlayin, yau Zoom gobe Google Meet jibi a turo maka linki a ce yi maza ka yi rijista guri ya kusa cika, kuma duk maganar ɗaya ce, wai koyar da lissafi da fasahar zamani. To akwai wanda ya taɓa yin irin kwas ɗin nan a cikinmu ya koma aji ya ga wani abu ya canza a yadda yaransa ke gane lissafi? Ko dai takarda kawai muke tarawa a fayil saboda ranar ƙarin girma? Don ni ajina yara sun haura tamanin, allo ne da alli, ko soket babu a bangon balle a yi maganar wuta.

Admin: Wa alaikumus salam. A yi muhawara cikin mutunta juna, kuma ban da tallan kwas na kuɗi, duk wanda ya turo zan goge.

Ɗan Bautar Ƙasa: Wslm Malam. Ni dai gaskiya na amfana, amma ba da irin na Zoom ɗin nan ba da mutum ɗaya zai yi ta zuba awa biyu kowa ya kashe makirfo ya tafi sabgarsa. Abin da ya amfane ni GeoGebra ce, wata manhajar zanen lissafi, kuma a YouTube na koya, ba wanda ya ba ni ko da takardar tsire. Kyauta ce, in ka sauke ta sau ɗaya shikenan tana aiki ko babu data. Wani ɗan ƙasar Ostiriya ne Markus Hohenwarter ya fara haɗa ta wajen 2001 lokacin yana digirinsa na biyu a jami'ar Salzburg, yanzu ko'ina a duniya malaman lissafi na amfani da ita.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, tarihin wanda ya ƙirƙira ba shi Malam ya tambaya ba. Me ka yi da ita a aji?

Ɗan Bautar Ƙasa: Hhhh tuba nake Baba. To misali darasin kwadiratik, y = ax² + bx + c. Kun san yadda muke yi, a zana tebur, a saka x daga -3 zuwa 3, a fitar da y, a diga a littafin giraf, kafin yara su gama giraf ɗaya an kaɗa ƙararrawa. Yaro ya ga giraf ɗaya tak a rayuwarsa sai ya ɗauka duk haka suke. A GeoGebra sai ka sa wa harafin a silaida, wato ɗan maɓallin da ke canza lambar, ka ja da yatsa, a tana 3 giraf ɗin a tsuke, tana 1 ya ɗan buɗe, tana 0.2 ya baje, da ta kai sifiri sai ya miƙe ya zama layi, tana wucewa ƙasa da sifiri sai ya kife. Wata yarinya a layin baya wadda ban taɓa jin muryarta ba ita ta ce Malam ashe shi ya sa ake rubuta cewa harafin a ba ya zama sifiri. Wallahi ban gaya mata ba, ita ta gani da idonta.

Malamin SS2: Na ji ƙanina, abin sha'awa ne. Amma waya ɗaya yara tamanin? Na layin baya ma allon da kyar suke hangowa.

Ɗan Bautar Ƙasa: Ba ɗaga wayar nake a gaban aji ba Yaya. Aiki nake ba su kowa ya zana y = x² da hannunsa a takarda, suna cikin yi sai in riƙa kiran benci biyu biyu su zo tebur ɗina su ja silaidar da kansu, kamar minti uku su koma wasu su taso. Ba kullum ba kuma, darasin da abu ke motsi ne kawai. Logarizim ko simultaniyos ba na ma ɗauko wayar, allo ya fi.

Baba Mai Ritaya: To yanzu ka yi magana. Amma ku lura da kyau, abin da yaron nan ya faɗa ba waya ce ta yi aikin ba, shi ne ya san inda yara ke tuntuɓe ya kai wayar daidai wurin. Bari in ba ku labarin abin da muka gani mu. A 2006 aka fara shirin horar da malamai na SMASE a ƙasar nan tare da hukumar JICA ta Japan, jihohi uku aka fara da su, Kaduna da Neja da Filato, malaman firamare na lissafi da kimiyya. Asalinsa daga Kenya aka ɗauko, can tun 1998 suke yi. Babu kwamfuta babu waya a ciki. Abin da ake yi ku zauna ku biyar ko shida ku tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya tashi ya koyar sauran suna kallo, a gama a zauna a yi masa gyara ba sani ba sabo, a ce nan ka yi sauri, nan tambayar da ka yi ita ta ba da amsa yaro bai yi tunani ba, a gyara a sake koyarwa. Kayan aiki kuwa murfin kwalba ne da tsinken tsintsiya da kwalin sukari da kirtani. Ni a nan na koyi yin shiru bayan na yi tambaya, in bar yaro ya yi tunani. Shin a Zoom ɗin naku wa ya taɓa kallon yadda kuke koyarwa? Satifiket ɗin da ake turo muku ta imel kamar kalandar biki ne, shaida ce kawai ka halarta.

Malama ta Firamare: 😂 Baba Allah ya ƙara lafiya. Wallahi akwai wanda na shiga netwok ya yanke tun ana gabatar da manyan baƙi, ban sake samun shiga ba, washegari sai ga satifiket da sunana an rubuta na kammala cikin nasara.

Hajiya Mataimakiyar Firinsifal: Baba ina girmama maganarka amma a yi wa takarda adalci. Ni nake tattara fayil ɗin malamai in lokacin ƙarin girma ya zo, kuma ita TRCN, hukumar rijistar malamai da aka kafa tun 1993, tsarinta ne malami mai lasisi ya riƙa ƙaro ilimi a kai a kai, to da me zai nuna ya yi in ba takarda ba? Sannan bitar ido da ido ɗin da ake yabo, ku faɗi gaskiya su wa ake turawa? Mutum biyu ko uku a makaranta kuma kullum su ne dai su ne saboda akwai alawus, malamar da ke da goyo ko wanda ke ƙauye ba ya ma jin labari sai an gama. Na onlayin ko ba komai ƙofarsa a buɗe take ga kowa.

Baba Mai Ritaya: Wannan gaskiya ne Hajiya, ban musa ba. Maganar alawus ita ta kashe bita da yawa.

Malama ta Firamare: Ni fa duk kuna maganar giraf ne da kwadiratik, ku sauko ƙasa ku ga inda gizo ke saƙar. Yaron da ya zo muku SS2 daga hannunmu ya fito. Ku ba ajinku wannan gobe, 1/2 + 1/3, ku ga nawa za su rubuta 2/5. Sama da sama ƙasa da ƙasa, shikenan an gama. Kuma ba wai ba a koya musu LCM ba, an koya, sun haddace sun manta, saboda tun farko ba su san rabi abu ne mai girma da za a iya gani ba. Abin da nake yi yanzu in ba kowa tsinken takarda masu tsawo ɗaya guda uku, ɗaya a ninke biyu, ɗaya a ninke uku, ɗaya a ninke biyar. In ce to ga rabi a hannunka, ka ƙara masa sulusi, ka ce ka samu biyu cikin biyar, ɗora biyu cikin biyar ɗin a kan rabin mu gani. Sai su ga ai ko rabin bai kai ba. Ta yaya za ka ƙara wa abu wani abu ya ragu? Daga nan sai a ninke shida, rabi ya zama uku, sulusi ya zama biyu, biyar cikin shida. Kuma abin da zai ba Baba mamaki a intanet na samo dabarar ninke takarda, ba a wajen bita ba. Akwai kayan koyarwa na shirin TESSA na Open University ta Ingila, tun 2005 suke yi wa malaman Afirka, cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna ma tana cikin waɗanda aka yi aikin da su, PDF ne ka sauke ka karanta a waya lokacin da ka samu sarari.

Malamin SS2: Malama kin taɓo inda yake min ciwo. Ina da yara a SS2 da sai sun zana sanduna a bayan littafi kafin su faɗi 7 sau 8. Ga silabus yana kora ta, ga WAEC na tafe.

Dakta na Kwalejin Ilimi: Salam. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, bari in kawo abin da bincike ya nuna don kada mu tsaya a ni na gani ni ban gani ba. Kun tuna shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, ƙananan laftof ɗin nan kore da fari da aka ce dala 100 ne, har a Abuja an gwada a wata firamare a 2007. Ƙasar Peru ita ta fi kowa saya da yawa. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya yi nazari a makarantun firamare 319 na karkara, bayan wata 15 yara sun iya sarrafa kwamfuta ƙwarai, amma makinsu na lissafi da na harshe bai motsa ba. A 2015 ma ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki ta fitar da rahoto cewa ƙasashen da suka zuba kuɗi sosai a kwamfutocin makaranta ba a ga wani ci gaban kirki ba a sakamakonsu na PISA, jarrabawar da ake gwada ɗaliban ƙasashe da ita. To amma ga ɗaya gefen. A Delhi ta Indiya an gwada wata manhaja Mindspark da yaran ƙaramar sakandare bayan an tashi daga makaranta, wata huɗu da rabi kacal, kuma an samu ƙaruwa sosai a lissafi. Bambancin shi ne ita manhajar ba ruwanta da ajin da yaro yake, gwada shi take ta ga inda ya tsaya, in ɗan aji shida ne amma iliminsa na aji uku ne to daga aji uku za ta kama shi. Wato daidai abin da Malama ta Firamare ke faɗa.

Ɗan Bautar Ƙasa: Dakta to ai mu ba mu da Mindspark ɗin.

Dakta na Kwalejin Ilimi: Ba sai da ita ba ɗana. Ƙungiyar Pratham ta Indiya da hannu take yin wannan, a gwada yara ɗaya bayan ɗaya a raba su rukuni gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon aji ba, kuma an kawo tsarin nan Arewa, an yi a Borno an yi a Kano. Sannan a Botswana lokacin kullen 2020 da ƙaramar waya aka yi, a tura wa iyaye tambayoyin lissafi ta tes duk sati sannan malami ya kira ya yi kamar minti 20 da yaron. Waɗanda aka tura wa tes kaɗai ba a ga wani bambanci mai ƙarfi ba, waɗanda aka haɗa musu da kira su ne suka ƙaru. Ku duba nan ma sai da mutum ya shiga ciki.

Injiniya Mai Kwamfuta: Ni matsalata ba ta bincike ba ce, ta mukulli ce. Na je gyara wata makaranta, ba zan faɗi suna ba, ɗaki guda cike da kwamfutoci wasu ko ledarsu ba a cire ba, ƙura ta rufe su, batiran sola sun mutu saboda rashin amfani, mukullin yana aljihun mutum ɗaya. Alhali akwai manhajar Kolibri, kyauta, ka sa ta a tsohuwar laftof ɗaya ka loda mata darussa har da na Khan Academy, sauran kwamfutocin da wayoyi su haɗu da ita ta wayfay ba tare da intanet ba sam. Aikin yini ɗaya ne.

Hajiya Mataimakiyar Firinsifal: Injiniya ka taɓa zama wanda ya sa hannu ya karɓi kaya? In maus ɗaya ya ɓace kai za a rubuta wa kweri, in yara ba su taɓa kwamfutar ba har ta lalace a kulle ba mai tambayar ka. To wane shugaban makaranta ne zai buɗe? A gyara wannan tukuna.

Injiniya Mai Kwamfuta: Haka ne Hajiya, amma fa JAMB tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yi, WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a farkon 2024. Yaro ya iya lissafin amma ranar jarrabawa ce ranar farko da ya riƙe maus, yana neman inda kalkuletar sikirin take lokaci na tafiya.

Malam na Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku daga nan. Mu da Faransanci muke koyarwa amma ciwon iri ɗaya ne, yaro na fama da harshen yana fama da lissafin lokaci guda. An yi mana shirin IFADEM na horar da malaman firamare daga nesa, kuma abin da na lura shi ne ba a bar malami shi kaɗai da littafi ko na'ura ba, akwai mai bibiya da ke tara su lokaci lokaci. GeoGebra kuwa akwai ta da Faransanci, ina amfani da ita a darasin da'ira. Kusurwar tsakiya ninki biyu ce ta kusurwar da ke kan gefen da'ira in baka ɗaya suke kallo. Sai in sa ta tsakiya 100, ta gefe ta nuna 50, in ba yaro ya ja ɗigon ya zagaya da shi, lambar ta ƙi motsi, 50 dai 50. Sun fi yarda da wannan fiye da in na faɗa da baki.

Baba Mai Ritaya: To nan ne zan ja da ku. Yarda daban hujja daban. Ko sau dubu yaro ya ja ɗigon ya ga 50, bai san dalili ba, gani kawai ya yi. Lissafi kuwa dalili ne. Ka ja layi daga ɗigon gefe ka ratsa tsakiya, alwatika biyu za su fito kowacce gefenta biyu radiyos ne don haka kusurwoyin gindinta daidai suke, kusurwar waje kuma jimlar biyun ciki ce masu kallon ta, nan 2x can 2y, ka haɗa ka samu 2(x + y). Layi huɗu ne a allo. Tsoron da nake ji a samu malaman da za su nuna a waya su ce kun gani ko, a wuce. Ranar jarrabawa in an juya zanen ko an ce ka ba da dalili sai ido ya raina fata.

Malam na Maraɗi: Baba ranka ya daɗe ban ce a bar hujja ba. Amma da can in na rubuta layi huɗun nan kwafa kawai suke, ba su ma san me ake son tabbatarwa ba. Yanzu sai sun ga lambar ta ƙi motsi su da kansu suke tambaya me ya hana ta, a lokacin nake ɗaukar alli. Kuma akwai abin da ya faru, wani yaro mai ƙiriniya ya ja ɗigon ya tsallaka da shi ɗaya ɓangaren, ƙaramin bakan, sai lamba ta koma 130, aji ya ɗau hayaniya wai Malam ƙa'idarka ta karye. Na ce ku tara 50 da 130. Ka ga darasin sati mai zuwa ya shigo da kansa, kusurwoyi masu fuskantar juna a cikin da'ira jimlarsu 180.

Ɗan Bautar Ƙasa: Malam na Maraɗi ni da na gwada 230 ta nuna min ba 130 ba.

Malam na Maraɗi: Ta waje take auna maka. Danna kusurwar ka shiga saiti ka zaɓi tsakanin 0 da 180.

Baba Mai Ritaya: In dai alli zai biyo baya to ba ni da ja. Amma ku riƙa sa su zana da kamfas da firotirakta su ma, don ba waya za su shiga da ita ɗakin jarrabawa ba.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri ni ba lissafi nake koyarwa ba, Hausa nake koyarwa, amma a matsayin uwa nake magana. Ku malaman lissafi kun san abin da yaranku ke yi da asamen ɗin da kuke ba su? Ɗana ɗaukar wayata yake ya ɗau hoton tambaya da manhajar Photomath mai warware lissafi ko ya rubuta wa ChatGPT, minti biyar ya gama ya kwafe tsaf har da matakai. Littafinsa duk goma bisa goma, gwajin aji kuwa kar ku so ku gani.

Malamin SS2: Wallahi Uwar Biyu mun sani. Ana ganewa ma, yaron da bai iya buɗe baka biyu ba sai ka ga ya kawo maka aiki da wata hanya da ko a silabus babu.

Dakta na Kwalejin Ilimi: An yi nazarin wannan ma a wata sakandare a Turkiyya da ɗalibai kusan 1,000, masu bincike daga jami'ar Pennsylvania. Waɗanda aka ba GPT-4, wato irin ChatGPT ɗin nan, haka nan sakaka, lokacin atisaye makinsu ya haura na sauran da kashi 48 cikin ɗari, da aka karɓe aka yi jarrabawa sai suka faɗo ƙasa da waɗanda ba su taɓa amfani da shi ba da kashi 17 cikin ɗari. Rukuni na uku an saita musu shi ne ya riƙa ba da haske kawai ba ya faɗin amsa, su kam illar kusan ba ta same su ba.

Ɗan Bautar Ƙasa: Ni amfanin da nake da shi na kaina ne, in ce ya haɗa min tambayoyi goma kan abu ɗaya daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Amma sai na warware kowacce da hannuna kafin in kai aji don yakan yi kuskure kuma da ƙarfin hali yake faɗa kamar gaskiya.

Malama ta Firamare: Uwar Biyu ki ce ya rufe littafin ya yi miki bayanin tambaya ɗaya da baki, ko ba ki san lissafin ba za ki gane in kame-kame yake.

Uwar Biyu: Zan gwada yau in sha Allah, na gode Malama.

Malamin SS2: To jama'a mu dawo kan tambayata. Abin da na fahimta duk wanda ya ce ya ƙaru a cikinku, ƙanina da silaidarsa, Malama da takardarta, Malam na Maraɗi da da'irarsa, abu ɗaya ƙarami ya ɗauko ya kai aji ya gwada. Babu wanda ya ce ga abin da ya samu a zaman Zoom na awa biyu.

Hajiya Mataimakiyar Firinsifal: Kar ka yanke hukunci da sauri Malam. Akwai masu kyau, waɗanda ake ba ka aiki ka je ka koyar ka dawo da rahoto kafin a ba ka takarda. Kafin ka biya kuɗi ko ka ƙona data ka tambaya, akwai aikin da zan yi a ajina? Akwai wanda zai duba? In babu ka san me ka saya. Sannan akwai Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a Maris 2022, kyauta ne kuma akwai darussa da Hausa, malaman firamare su leƙa.

Malama ta Firamare: Maganar data ma ba ƙarama ba ce, tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025 ni bidiyo kai tsaye ya fi ƙarfina. Ga lokacin da suke sawa, ƙarfe takwas na dare, ina tsakanin tukunya da yara da shirin gobe, wa zai zauna? Saƙon murya na minti uku da hoto ɗaya ya fi min komai, in saurara ina wanke-wanke.

Baba Mai Ritaya: To ku yi abin da muke yi a da mana, ku yi shi a nan. Ga ku nan kun fi ɗari a guruf ɗin nan, abin da ake turowa daga barka da Juma'a sai sanarwar ɗaurin aure. Ku ɗauki darasi ɗaya duk sati biyu, kowa ya koyar a ajinsa, ya ɗauko hoton aikin yaron da ya faɗi, ba na wanda ya ci ba, a rufe sunansa, a turo mu duba tare me yaron yake tunani har ya rubuta haka. Ni ina zaune ba abin da nake yi, zan duba.

Dakta na Kwalejin Ilimi: Na goyi baya. Sharaɗi ɗaya, ban da yi wa malami dariya in ya turo, in ba haka ba daga sati na biyu ba mai sake turowa.

Injiniya Mai Kwamfuta: Duk wanda ke son GeoGebra ko 'yar uwarta Desmos a wayarsa kuma data ta yi masa kaɗan, in muna gari ɗaya ya same ni in tura masa ta Xender.

Ɗan Bautar Ƙasa: Da wane darasi za a fara? Ni na ce da'ira.

Malama ta Firamare: A'a ƙanina, da 1/2 + 1/3 za a fara, kowa ya ba ajinsa daga aji biyar na firamare har SS3, kar a yi musu bita kafin nan, a rubuta a allo kawai a ba su minti biyu.

Malamin SS2: Na yarda. Har ina jin tsoron abin da zan gani.

Malam na Maraɗi: Ni ma zan ba nawa, sai mu gwada da na can da na nan.

Hajiya Mataimakiyar Firinsifal: Wannan kuma akwai satifiket a ƙarshe ko babu? 😄

Baba Mai Ritaya: Hajiya in kin matsa zan rubuta miki da biro.

Admin: To an tsayar. Kowa ya ba ajinsa tsakanin Litinin da Laraba, a turo adadin yaran da suka yi, nawa suka samu 5/6, nawa suka rubuta 2/5, da duk wata amsa ta daban da ta fito fiye da sau ɗaya. A rufe sunan yaro da na makaranta kafin a ɗau hoto. Saƙon murya kar ya wuce minti uku. Alhamis bayan isha'i Baba da Dakta za su fara sharhi.